Shaihu da Aku: Siffar Koyo Cikin Littattafai Biyu na Malaman Midil

Cikin shekarar 1933 Rupert East, wanda ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai na ƙagawa da Hausar boko, domin yaran makaranta su sami abin karantawa wanda ya wuce littattafan koyon baƙi. Daga cikin abin da aka aiko aka zaɓi littattafai biyar aka buga. Biyu daga cikin mawallafan samari ne waɗanda ba su daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, watau Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami a Midil ta Bauchi, mai Shaihu Umar, da Malam Abubakar Imam, malami a Midil ta Katsina, mai Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya, ya zauna kamar wata shida ya tsara Magana Jari Ce, wanda ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939.

An sha yin magana a kan daɗin Hausar littattafan nan, da kuma inda aka samo labaransu. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne, Shaihu Umar da Magana Jari Ce duka an gina su ne a kan mai sani yana magana, mai koyo yana saurare. Mawallafan nan biyu kuwa da alli a hannu su ke wuni, amma da suka zo siffanta wurin da mutum ke samun ilmi, babu wanda ya ɗauki aji. Ɗaya ya zaɓi zauren malami, ɗaya ya zaɓi gidan sarki da tsakad dare. Ya kamata malamin da ke karantar da littattafan nan ya san dalili, domin wanda ya koyar da littafi bisa hanyar da littafin kansa ke musunta, wahala ya ke ƙara wa kansa da almajiransa.

Sa'ad da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, ba fili ya tarar ba. Ƙiyasin da aka yi wajen 1914, zamanin Gwamna Lugga, ya nuna makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, da almajirai fiye da 200,000. Makarantun nan suna da tsarinsu wanda kowa ya sani. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, sa'an nan ya kama haɗa kalmomi. Malam ya biya masa, shi kuma ya yi ta maimaitawa da ƙarfi har ya iya, kāna a ba shi izinin wanke allo a rubuta masa na gaba. Yara talatin suna zaune wuri guda, amma kowa da inda ya ke. Wanda ya fi kaifin kai ba ya jiran kowa, wanda ya yi nauyi kuwa ba a cewa ya faɗi, sai dai a ce bai kai ba tukuna. Alhamis da Jumma'a hutu ne, ran Laraba a kawo wa malam sadaka. Idan yaro ya sauke, a yi wa allonsa zayyana, a yi walima.

Wanda ya ci gaba sai ya shiga makarantar ilmi, ita ce ta zaure. Nan ma kowa da littafinsa. Wannan yana Ahalari, wancan yana Ishmawi ko Iziyya, wani ya kai Risala, dattijon da ke jingine da bango kuwa yana cikin Muhtasar. Almajiri ya ja jimla da Larabci, malam ya fassara masa da Hausa, ya ƙara bayani in da bukata, sauran suna ji, ko da ba darasinsu ba ne. Ta haka mai Ahalari kan ji Risala sau da yawa tun bai buɗe ta ba. Abu mafi girma kuwa, ba a tambayar mutum makarantar da ya yi, sai dai a tambaye shi wajen wa ya yi karatu. Wanda ya ƙare abin da ke wajen malami guda sai ya ɗauki buzunsa ya nufi wani gari inda aka ce akwai masanin nahawu ko na tafsiri. Ilmi a nan yana cikin ƙirjin mutum ne, daga bakinsa a ke karɓa, kuma tare da halinsa a ke karɓarsa.

Makarantar da Turawa suka kawo ta saɓa wa wannan kusan a kowace gaɓa. Ta tara yara bisa shekarunsu, ta raba yini da ƙararrawa, ta sa kowa shafi guda rana guda, ta auna su da jarrabawa, ta ba su takardar shaida wadda sunan makaranta ke kanta. Ɓalewa da Imam sun bi wannan hanya har ƙarshenta, gama Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 don horon malamai, ita ce ƙololuwar boko a Arewa a zamanin. Amma dukansu sun riƙe allo kafin su riƙe fensir, Imam ma ɗan gidan malanta ne.

A Shaihu Umar, mafarin labarin kansa darasi ne. Shaihu yana zaune a Rauta, kusa da Bauchi, cikin almajiransa, sai ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi asalinsa. Amsar tambayar nan ita ce littafin duka. Wannan ya isa a lura da shi, domin an sha faɗi cewa almajirin zaure ba ya tambaya. Lalle yana tambaya, sai dai akwai lokacinta da ladabinta, kuma irin tambayar da ya yi ta nuna abin da ya ɗauka ilmi ne. Bai ga ya kauce daga karatu ba da ya nemi sanin inda malaminsa ya fito da hannuwan da ya bi, Shaihun ma bai ga ɓata lokaci ba ne ya ajiye littafi ya ba da tarihin ransa. Ga mutanen da ke karɓar ilmi daga mutum, sanin mutumin wani yanki ne na ilmin.

Labarin da ya bayar kuwa na ƙunci ne. An haife shi a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, bafaden da mahassada suka sa aka kore shi. Aka sace Umar yana yaro, ya bi hannu-hannu har Kano, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu wajen Shaihu Mas'ud. Uwar ta fita nemansa, aka yaudare ta aka sayar, ta sha wuyar bauta, ba ta sake ganinsa ba sai dab da ajalinta. A kan hanyar komowa guguwar rairayi ta hallaka ayarin, Umar ya tsira.

Ƙarfin littafin yana cikin muryar mai ba da labarin. Duk abin da ya same shi, da murya ɗaya ya ke faɗinsa, ba ɗaga harshe, ba zargin kowa. Wasu masu nazari sun ɗauki wannan a kan rauni ne, suna cewa mutumin ba shi da jini a jika. Sun yi kuskure. Ɓalewa yana nuna abin da jama'arsa ke nema ga wanda ya yi karatu, watau haƙuri da natsuwa da tawakkali da kame baki. A wajensu wanda ya haddace Muhtasar amma ya kasa riƙe fushinsa bai gama karatu ba. Sanyin muryar Shaihu shi ne takardar shaidarsa, kuma almajiran da ke zaune gabansa suna koyon wannan sanyi ta wurin jinsa.

Amma akwai wurare biyu da littafin ya gaza. Na farko, karatun da ya mai da ɓataccen yaro Shaihu, an wuce shi da sauri ƙwarai. Mai karatu ya ga hamada da idonsa, ya ga ayari, ya ga kasuwancin bayi, amma zaman Umar gaban Shaihu Mas'ud kusan a taƙaice aka ba da shi. Ana iya cewa mawallafin ya ga kowa ya san yadda a ke wannan karatu, ba ya bukatar siffantawa. Uzuri ne mai kyau a 1934. Ga wanda bai taɓa zama a zaure ba kuwa, ilmin Umar sai ya zama kamar wata baiwa ce da ta sauko masa, alhali kuwa shekaru ne na biya da maimaici. Na biyu ya fi nauyi. Hanyar da ta kai Umar ga ilmi ita ce ta kai uwarsa ga halaka, fataucin bayi ne ya ɗauki su biyun. Littafin ya nuna wannan sarai, ba ya ɓoye muguntar masu sayar da mutane, amma Shaihun bai tsaya ya auna abin nan da ilminsa ba. Haƙurin da aka yaba a sama, a nan ya rufe bakin tambaya. Malamin da ke karantar da littafin a kwalejin horon malamai, in ya wuce wurin nan bai tsai da ɗalibansa ba, ya bar mafi amfanin abin da ke ciki.

Magana Jari Ce wani gini ne dabam, ga shi da fara'a, ga yawan labarai fiye da 80. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana ƙulla makircin da zai hallaka yaron in ya fita. Kowane dare Musa ya yi shirin bin uban, aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Wannan ƙashin bayan littafin ba na ƙasar Hausa ba ne. Asalinsa wani tsohon littafi ne na Indiya mai labaran aku saba'in, wanda aka juya da Farisanci cikin ƙarni na 14. A can, matar wani attajiri ce ke son fita wajen kwartonta sa'ad da mijin ya yi tafiya, aku ke hana ta. Imam ya san ba za a miƙa wa yaran Elementare irin wannan ba a ƙasar da iyaye ke ɗari-ɗari da boko tun asali. Sai ya mai da matar ɗan sarki, ya mai da sha'awar ɓarna ƙishin jaruntaka. Da wannan juyi labarin ya tashi daga tsaron mutuncin miji ya koma renon magajin gari, watau ya zama littafin tarbiyya.

Hanyar akun ita ce abin lura. A littafin Farisa akwai wata tsuntsuwa da ta gaya wa uwargijiyarta gaskiya tsirara, ta ce abin da za ta yi haram ne, nan take matar ta kashe ta. Aku ya ga haka ya sake dabara. Akun Imam ma da wannan dabara ya ke aiki. Ba ya tsayawa kan hani, gama shi bawa ne, Musa ɗan sarki. Ya kan nuna kamar ya yarda, sa'an nan ya jefo wata magana mai ƙaiƙayi wadda ba ta barin mai ji ya tafi sai ya ji ƙarshenta. Duk wanda ya zauna a fada ya san wannan. Na ƙasa ba ya gyara na sama kai tsaye, sai da misali da karin magana, yadda mai girma zai ɗauki gyaran ba tare da an ga an gyara shi ba. Shi ya sa kan labarai da yawa cikin littafin karin magana ne. Karin maganar ita ce abin da za a riƙe, labarin kuwa shi ne igiyar da a ke ɗaure ta da ita a zuciya.

Akwai wani abin ban sha'awa game da zaɓen tsuntsun nan. A wajen Turawa, aku shi ne misalin mai maimaita abin da bai fahimta ba, kuma da wannan zargi ne jami'an ilmi na zamanin suka riƙa kushe makarantar allo, suna cewa hadda ce kurum. Ba a cewa Imam ya zaɓi aku don ya mai da musu martani, tun da tare da labarin ya tarar da shi. Duk da haka littafin ya zama amsa. Akun nan mahaddaci ne, cikinsa cike da abin da ya ji, amma abin da ya kai shi ga sarautar Waziri shi ne sanin wane labari ya dace da wane dare, da wane mutum. Haka malaman zaure ke ɗaukar hadda, rumbu ce da a ke cikawa tun da ƙuruciya don a ɗiba in hankali ya zo. Ko rumbun kowa na buɗuwa daga baya, wannan wata magana ce, kuma gaskiya ita ce da yawa sun tsaya a haddar ba su kai ga ɗiba ba. Amma wanda ya ce hadda da fahimta abokan gāba ne, bai karanta littafin nan da kyau ba.

Littafi na biyu gasa ce tsakanin aku da wani aku ɗan'uwansa mai suna Haziƙ, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Na uku shi ne ya fi kusa da aikin malami, domin a cikinsa aku ke horon ɗansa Fasih ga sana'ar magana. Da an so, da an jera ƙa'idodin ba da labari ɗaya bayan ɗaya a shafi biyu, kamar yadda littattafan koyar da malanta ke yi. Imam bai yi haka ba. Uban ya ba da labari, ɗan ya ji, gargaɗi ya biyo baya a daidai inda a ke bukatarsa. Haka maƙeri ke koya wa ɗansa, haka marina da masaƙa da mawaƙan fada, yaro na gefe yana zuga ko yana amshi shekara da shekaru kafin a miƙa masa guduma. Imam ya ɗauki magana a kan sana'a ce ta gado irin waɗannan, sunan littafin ma abin da ya ke nufi ke nan. Aibin wannan hanya, wanda littafin bai taɓo ba, shi ne ɗan aku kaɗai ta ke yi wa amfani. Aji, duk da ƙararrawarsa, ya kan zaunar da ɗan maƙeri da ɗan sarki a benci guda, Ɓalewa kansa kuwa, wanda ba ɗan sarauta ba ne, ta wannan ƙofa ya bi har ya zama Firayim Minista a 1957.

Labaran da ke ciki ma sun sha irin wankan da ƙashin bayan ya sha. An ɗebo daga Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm. A na Jamus akwai wata kuku da ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, ta yi wa maigidanta da baƙon dabara ta raba su. A hannun Imam ta zama Kalalatu matar Kalala, domin mace mai dafa wa namiji abinci a gidan Bahaushe matarsa ce. Mai busar nan da ya raba wani garin Jamus da ɓeraye ya zama Sarkin Busa. Yaron da ya karanta waɗannan a 1940 bai san ya yi baƙo ba. Wannan ita ce ƙa'idar koyarwa mafi girma da ke cikin littafin, ko da ya ke ba a rubuta ta ko'ina ba, baƙon abu ba ya shiga kan yaro sai an sa masa rigar gida.

To, ga yadda aka saba yi da littattafan nan a aji. A ce yara su buɗe shafi kaza, su karanta a zuci, su amsa tambaya biyar a rubuce: wane ne ya ce kaza, a wane gari aka yi kaza. Littafin da aka gina don kunne sai a mai da shi na ido, wanda aka gina don auna hali sai a mai da shi na ƙidayar sunaye. Malamin da ya sa ɗalibi guda ya karanta da murya sauran suna ji, sa'an nan ya sa wani ya rufe littafin ya maimaita labarin da bakinsa, ya tambayi ajin dalilin da ya sa aku ya zaɓi wannan labari a wannan dare, ya fi kusa da nufin mawallafin, kuma bai bar kome daga manhajarsa ba.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi littattafan biyu. East ya rubuta a mujallar Africa cikin 1936 cewa ya sha wuya kafin ya shawo kan malamai su rubuta ƙagaggen labari, domin a ganinsu wannan aikin mata da yara ne, bai kamaci mai ilmi ba. Gaskiya ne, makarantar farko ta kowane Bahaushe ita ce gindin kaka da dare, inda a ke jin Gizo da Ƙoƙi. Imam ya ɗaukaka wannan sana'a har ta shiga makaranta, amma sai da ya raba ta da masu ita, ya kira ta labari maimakon tatsuniya, ya sa ta a bakin Waziri, ya gadar wa ɗa namiji. A Shaihu Umar kuwa, wadda ta fi kowa ƙarfin zuciya ita ce uwar, ita ta fita ita kaɗai ta bi sawun ɗanta har bayan hamada, amma a zauren Rauta babu wurin zaman irinta. Ba al'adar ce ta rasa misali ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajis masu zagawa ƙauyuka suna koya wa mata addini da waƙoƙin Hausa da Fulatanci, da hadda da murya, daidai hanyar da littattafan nan biyu ke yabo. Makarantun 'yan mata na farko na gwamnati kuwa an buɗe su a Kano da Katsina cikin 1930, shekara uku kafin gasar East. Watau sa'ad da littattafan nan suka fito, akwai 'yan mata a kan benci waɗanda aka miƙa musu su, suka buɗe suka tarar mai koyarwa namiji ne, mai koyo ma namiji.